Bahagon Paiko

Shafi na 19

Masu turo mini saƙo wai Koci Garuba ya tsufa har ya manta inda ya tsaya, ban manta ba. Wannan shafin ne hannuna ya yi ta jin nauyin rubutawa, don a cikinsa ne asirina ke tonuwa. Wanda ya daɗe yana jiran ya ga na sha kunya, sai ya gyara zama.

Mun tsaya a ranar gwaji, Asabar ɗin nan ta watan Afrilun 1988, a filinmu na ƙwallon kwando da ke bayan unguwar Sauka Kahuta a Minna. Mista Andrawus, wakilin babban kulob ɗin nan na Legas, ya zo ɗaukar samari uku. Ya karanta sunaye biyu ya naɗe takardarsa ya sa a aljihu.

Babu sunan Shekwolo.

Shekwolo ɗan Paiko ne, shekararsa sha tara, kuma shekara biyu na yi ina horar da shi safe da yamma. Aronsa ubansa ya ba ni. Dattijon ya ce damina biyu zai iya noman doya ba tare da babban ɗansa ba, ta uku kam ba zai iya ba. In Legas ta ɗauke shi, to. In ba ta ɗauke shi ba, ya koma gona, kuma kada a sake tayar masa da zancen ƙwallo. Ga shi hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Yaron ya ja jiki ya bar cikin fili. Ya zauna a bakin siminti ya kwance kambas ɗinsa, ya ɗaure igiyoyin wuri ɗaya ya rataya a kafaɗa, ya nufi ɗakin da yake kwana don haɗa kaya.

Ni kuwa kun san hali. Ko yanzu da furfura ba a taka ni a wuce, balle a lokacin da jini ke tafasa. Na bi Mista Andrawus har gindin mangwaron da ke gefen fili, usur na rawa a wuyana. Na same shi zaune a kan benci yana ɓare lemo, Ndanusa na gefensa ya miƙe ƙafafu.

Ndanusa ba baƙo ba ne a wurina. Shi ne ɗalibina na farko da ya yi suna, shekara takwas yana buga wa kulob ɗin nan, kuma shi ya rako wakilin zuwa Minna. Hotonsa da na yanko daga jarida yana manne a bangon ɗakina. Matata ta sha cewa da Ndanusa mace ne da tuni na yi mata kishiya da shi, ni kuwa ban taɓa musa mata ba.

Ko sallama ban yi ba na hau su da lissafi. Na ce a ɗauko Ndanusa da ke zaune nan, a ajiye shi kusa da Shekwolo. Yana ɗan sha tara tsawonsa ƙafa shida da inci bakwai ne, Shekwolo shida da biyar, kuma bai gama miƙewa ba. Ndanusa a wancan lokacin in ya yi gudu sau huɗu daga kwando zuwa kwando sai ya fara neman randa, shi kuwa wannan ɗan gona ne, sai ya yini a fili bai huta ba. Na ce a ɗauko Jiya, ɗan wasansu da ake zuzutawa a rediyo kamar shi ya ƙirƙiro ƙwallon. Na yarda Jiya ya fi shi saurin ƙafa, amma a tsalle Shekwolo zai bar shi a ƙasa yana kallon tafin takalminsa. Na ƙirgo musu ƙwallo goma sha ɗaya da ya cafke daga allon kwando a gwajin ranar. Na yi ta zuba har bakina ya bushe.

Mista Andrawus bai katse ni ba. Sai da ya shanye lemonsa ya goge hannu, sannan ya ce,

"Malam Garuba, ka gama?"

Na ce ban gama ba, amma ya faɗi tasa.

Ya buɗe jakarsa ya zaro wata wasiƙa. Tun daga nesa na gane rubutuna. Ita ce wadda na aika musu wata uku da suka wuce, na kwana biyu ina tsara ta, har na kai wa wani malamin makaranta ya gyara mini Turancin. Ya karanto mini wurin da na fi alfahari da shi, inda na ce wanda ya ga Shekwolo ya ga Ndanusa. Yadda yake ba wa kwando baya, yadda yake juyi, yadda yake ɗaga hannun dama ya lanƙwaso ƙwallo ta saman kai, duk na Ndanusa ne ba ragi.

"Gaskiya ka rubuta," in ji shi. "Yau na gani da idona. Har yadda Ndanusa ke goge tafin hannu a wando kafin ya karɓi ƙwallo, yaron nan yana yi."

Na ce to ai shi ke nan, me kuma ake nema?

"Muna da Ndanusa."

Ya ninke wasiƙar a hankali ya ci gaba da bayani, muryarsa ko tashi ba ta yi ba. Ya ce ƙarƙashin kwando a Legas wurin ƙarti ne. Shekwolo ya gaza Ndanusa da inci biyu, ya gaza shi jiki nesa ba kusa ba, in aka tura shi wurin kafin wata uku za a kakkarya shi. Ya ce shi ma ya yi irin lissafin da na yi tun safe.

"In na ɗora shi a kan Ndanusa, sai in ga Ndanusa ragagge. In na ɗora shi a kan Jiya, sai in ga Jiya marar sauri. Na yi ta neman in ga shi kansa wane ne, ban gani ba. Kama da wane ai ba ta wane, Malam."

Maganar ta shige ni, amma girman kai bai bar ni na yi shiru ba. Na juya wurin Ndanusa na ce shi da na rena tun yana yaro, yana zaune ana wulaƙanta aikina bai ce komai ba?

Ndanusa mutum ne mai kawaici. Tun yana yaro bai taɓa ɗaga ido ya kalle ni ba in ina faɗa. Ranar sai ya ɗago.

"Koci, ina yaron da na aiko maka?"

Na ce wane yaro kuma? Ni bai taɓa aiko mini kowa ba.

"Wa ya kawo maka Shekwolo?"

Na ce yayarsa Rifkatu, mai sayar da doya a kasuwar Paiko. Ita ta riƙo hannunsa ta kawo shi, ta ce ta ji ana neman dogayen yara.

"Ni na tura ta. Ni na ce kada ta ambaci sunana."

Sai da na nemi gefen benci na zauna.

Ya ce shekara biyu da suka wuce yana dawowa ta hanyar Suleja, ya tsaya a Paiko zai sayi doya ya kai gida. Ana lodin wata babbar mota. Sauran masu lodi suna zuwa har gindinta su miƙa, amma akwai wani zangwamemen yaro da ke tsaye can nesa wurin tulin doya, yana cillowa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta tashi sama ta sauka a hannun mai karɓa ba ko ƙwarzane. Wanda ya san doya ya san in ta bugu ta tashi daga kuɗi, shi ya sa ba kowa ake bari ya cilla ba. Ya ce ya tsaya ya ƙirga har arba'in, ko ɗaya ba ta kuskure ba.

Da ya ga haka sai ya buɗe but ɗin motarsa ya ɗauko ƙwallo, ya sa aka ɗora wani tsohon kwandon tumatir a saman motar doyar, ya ja yaron baya ya ce ya jefa. Yaron bai taɓa riƙe ƙwallon kwando ba a rayuwarsa. Ya jefa goma, tara suka shiga.

"Da hagu, Koci," in ji Ndanusa. "Duk da hagu."

Ya ce ya ɓoye sunansa ne don ya san ni. In na ji daga wurinsa yaron ya fito, zan ɗora masa ido in hana shi sakat. Ya so in karɓe shi kamar kowa in koya masa dokokin wasa da tsaron gida, shi ke nan, don jifa kam Allah ya riga ya ba shi. Tun daga lokacin yake damun manyan kulob da zancen. Wasa ya canza, an kawo sabon layi wanda in ka jefa daga bayansa maki uku ne, kowane kulob na farautar mai jifan nesa. Shi kuwa ya ce musu su kwantar da hankali, akwai wani bahago a Neja da yake ajiye. Da wasiƙata ta iso ya ɗauka yabon da na saba ne kawai, don kowane dogon yaro na samu sai na ce sabon Ndanusa ne.

Mista Andrawus ya ce saboda yaron nan kaɗai aka ba shi kuɗin mai ya taso tun daga Legas. Biyun da ya ɗauka ƙari ne. Gurbi na uku na bahagon ne, kuma tun safe yake baza ido, bai ga wanda ya jefa ƙwallo da hagu ko sau ɗaya ba.

To jama'a, ga abin da na ɓoye muku tun shafi na biyu.

Na gaya muku ranar farko da Shekwolo ya zo na koya masa ladabi. Ban gaya muku yadda aka yi ba. Na jera yara na ce kowa ya turo mini ƙwallo in ga ƙarfin hannunsa. Da aka zo kansa sai ya turo da hagu. Fasin ne mai kyau, har yau ina ganinsa, ya taho daidai ƙirjina. Amma ni gidan da na tashi, in ka miƙa wa babba abu da hagu, kafin ka janye hannun ka sha mari. Sai na goce na bar ƙwallon ta wuce, na ce ni sa'ansa ne da zai miƙo mini abu da hannun da yake tsarki da shi? Yara suka fashe da dariya. Ya durƙusa a kan simintin nan mai zafi ya ba ni haƙuri da guntuwar Hausarsa.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Washegari na zo da robar tayar keke na ɗaure masa hannun hagu a ƙugu. Wata huɗu yana atisaye da hannu ɗaya. Har robar ta yi masa shaida a wuyan hannu. In ya matsa baya zai jefa daga nesa sai in busa usur in ce wannan wasan ragwaye ne, namiji ƙarƙashin kwando yake shiga. Layin maki ukun nan ma ƙin shafa shi na yi a filinmu, na ce yayi ne na Turawa, zai wuce. Duk wanda ya yi mini magana sai in ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ni Ndanusa na biyu nake ginawa.

Ƙarya nake yi wa kaina. Zancen Ndanusa daga baya na laƙaba shi. Asalin abin, yaro ne ya turo mini ƙwallo da hagu a gaban yarana, na ji an raina ni.

Duk wannan na faɗa musu a gindin mangwaron nan, ban rage komai ba. Ban taɓa jin muryata ta yi ƙanƙanta irin ta ranar ba.

Ndanusa ya miƙo ƙafarsa. Ya naɗe ƙafar wandonsa ya nuna mini gwiwa, ta kumbura ta yi suntum. Ya ce likita ya gaya masa bana ce shekararsa ta ƙarshe. Shekara takwas ana gwara shi a ƙarƙashin kwando, abin da ya rage masa ke nan.

"Ba na zarginka da wannan, Koci. Ni abin da na iya ke nan, kuma na ci abinci da shi. Amma na so in bar musu wanda ya fi ni. Ban so in bar musu wani ni ba."

Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Muna cikin haka sai muka ji motsi a bayanmu. Shekwolo ne, da jakar bakko a kafaɗa, ya zo sallama zai bi motar Paiko. Ban san tun yaushe yake tsaye ba, amma daga yadda yake kallon Ndanusa na san ya gane mai motar nan na kasuwa, kuma ya ji abin da ya isa. Duk da haka sai da ya ajiye jaka ya rusuna ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ya yi mini godiyar abinci da wurin kwana. Godiyar nan ta fi komai ƙona mini rai.

Mista Andrawus ya duba agogo. Ya ce ƙarfe biyar za su kama hanya, saura minti arba'in. Shi ba zai kai wa manyansa labarin kasuwar doya ba, abin da idonsa ya gani kawai zai kai. Amma tunda ya taso takanas, zai ba da dama ɗaya. Jifa goma daga bayan layi. In bakwai suka shiga, yaro ya ajiye zancen Paiko ya shiga motarsu. In ba su kai ba, kowa ya kama gabansa.

Sai ga shi babu layin. Wannan kunyar ma ni na sha ta. Wakilin ya ciro abin awo daga jakarsa, ya auna mita shida da kwata daga ƙarƙashin kwando, Ndanusa ya tsinto guntun gawayi ya durƙusa da kumburarriyar gwiwarsa ya ja layi a kan simintina. Samarin da suka fara watsewa suka dawo suka yi cirko-cirko a gefe.

Shekwolo na ɗaura kambas na je na tsuguna kusa da shi. Raina cike da fata ɗaya. Duk yaran da na horar babu wanda bai taɓa saɓa mini a ɓoye ba, wasu har sigari suke sha a bayan allo. Na rage murya na tambaye shi ko yana ɗan taɓa jifa da hagun in ba na nan. Na ce ya faɗi gaskiya, ba abin da zan yi masa.

Ya kalle ni da mamaki.

"Ai ka hana, Koci."

Na ce ko da ya je gida hutu?

"Ko doya da dama nake cilla yanzu. Yaya Rifkatu ma ta hana ni lodi, wai ina fasa mata kaya."

Tun da nake koyarwa nake roƙon Allah ya ba ni yaro mai jin magana. Ranar na gane an ba ni, kuma na ga abin da na yi da shi.

Na ce masa to yau na janye hanin. Ya jefa da hagu, yadda ya saba a Paiko, ya manta da duk abin da na taɓa faɗa masa. Ya gyaɗa kai kamar yadda yake gyaɗa wa kowane umarnina.

Ya tsaya a bayan layin gawayi. Ndanusa ya turo masa ƙwallo. Kafin ya karɓa sai da ya goge tafin hannu a wando, na ga Ndanusa ya kawar da kai.

Ya ɗora ta a hagu. Tun daga riƙon na ga matsala, yatsun sun ƙage, gwiwar hannun ta buɗe waje. Ya jefa. Ko zoben kwandon ba ta kai ba, ta faɗi a fili ta gangara.

Wani daga cikin samarin ya yi 'yar dariya, na juya na harare shi ya haɗiye ta.

Ta biyu ya ƙara ƙarfi. Ta wuce zoben ta daki allo da ƙara ta dawo har inda yake tsaye.

Ndanusa ya matso ya dafa shi, ya ce ya ɗauka doyar Rifkatu ce, kada ya bari ta bugu. Shekwolo ya yi ɗan murmushi, ya ja numfashi, ya saki kafaɗa. Ta ukun nan ta tashi da kyau. Na rantse a tashinta na hango abin da Ndanusa ya gani a kasuwa, har na miƙe tsaye ban sani ba. Ta sauka a kan zoben, ta zagaya shi sau ɗaya, ta faɗo waje.

"Uku," in ji Mista Andrawus. "Saura bakwai, kuma duka ake so."

Aka sake turo wa Shekwolo ƙwallo ya karɓa da hannu biyu. Ya mayar da ita dama, hannun da na shekara biyu ina ginawa, wanda bai taɓa jifa daga nisan nan ba. Ya dawo da ita hagu, hannun da aka haife shi da shi. Ya sake mayarwa dama.

Bai kalli kwando ba, bai kalli Ndanusa ba. Ni ya juyo ya kalla, a gaban kowa, da idon nan nasa da bai taɓa shakkar maganata ba.

"Koci, da wanne zan jefa?"